Ƙarfe a Soron Inna

Litinin, 14 ga Mayu, 1956

Sallah ta wuce, baƙi sun watse, sai yau na sami sukunin shiga soron Inna na duba da kyau. Abin ya fi yadda na zata. Ginshiƙin tsakiya ya tsage tun daga gindi har wuya. Babbar azarar da ke kansa, wadda ƙananan duk suka kwanta a kanta, na soka mata wuƙa ta shige ba gardama. Gara ta cinye cikin, ɓawo kawai ya rage yana riƙe da ƙasar rufi.

Inna na zaune a ƙarƙashi tana kaɗi, ƙasa na zubo mata a kan auduga, tana karkaɗewa kamar ba komai ba. Na ce ta tashi ta koma ɗakin ciyawa. Ta ce, "Auta, a nan na haife ka, bai faɗo mana ba." Na ce ai shi ya sa, Inna, ya gaji.

Ba ta motsa ba sai da Saude ta zo ta ɗauki kwandon audugar ta yi gaba. Ni na yi ta zuba a banza, matata ba ta ce uffan ba aka bi ta.

Talata, 15 ga Mayu

Baba Daudu magini ya zo da hantsi. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kasa kunne. Ya ce ƙananan azarori da sauran ƙarfinsu, babbar ce da ginshiƙin za a sake. Sai ya dube ni ta gefen ido ya ce, "To, Malamin Daji, ina za mu sami giginya?"

Na san inda ya dosa. Duk giginyar da ta isa sara a ƙasar Roni cikin gandun daji take, kuma ni ne aka ɗora in hana. A garin da aka haife ni. In na nemi izini don kaina ba za a hana ni ba, amma da wane ido zan ratsa kasuwa ana jan azara zuwa gidana? Na ce masa a bar maganar giginya.

Ya ce akwai wata hanya. Ya taɓa ganin an sa ƙarfe a wani ɗakin ajiya a Kazaure, daga bango zuwa bango, ba ginshiƙi ko ɗaya. Na ce, Baba, ka iya? Ya ce, "Sau ɗaya na ga an yi, kuma ran nan tubali nake miƙawa."

Da ma ƙarya ya yi mini, da na fi samun natsuwa.

Alhamis, 17 ga Mayu

Gabas wayam. Na rasa abin da ke sa ni fita tsakar gida ina duba ta.

Asabar, 19 ga Mayu

Na samo shi. Ƙarfen wata tsohuwar gada ce da aka sake, wani maƙeri a Kazaure ya saye shi da niyyar ya yayyanka ya ƙera garemani, ƙarfe ya fi ƙarfinsa, ya bar shi a bayan maƙera kaji na kwana a kai. Da ya ji zan saya har rakiya ya yi mini. Na auna da igiyar da Baba Daudu ya ba ni, ya isa, har da rarar da za ta hau bango kowane gefe.

Amalanke biyu aka haɗa, shanu na nishi, muka wuni a hanya. Ban iya zama a kai ba, a ƙasa na tako, ina gaba ina dawowa kamar kare mai rakiya.

Mun shigo gari la'asar sakaliya, mutane na zaune gindin ceɗiyar bakin kasuwa. Ba wanda ya tashi. Sai na ji muryar Halliru: "A'a, wannan kuma a wane gandu aka saro shi?" Aka fashe da dariya.

Halliru. Tare aka yi mana kaciya, kan tabarma ɗaya muka yi jinya. Bara na same shi ya kayar da giginya a gandu, na kai shi gaban alƙali, aka ɗaure shi wata guda. Tun ran nan in na yi sallama sai ya amsa wa iska. Ban juya ba, na ce wa mai amalanke ya kora.

Litinin, 21 ga Mayu

An kwashe kayan Inna kaf, har jeren ƙoren da ban taɓa ganin an sauke ba tun ina yaro. Bayansu bangon fari tas.

Yau tokara aka yi. Baba Daudu ya ce ba a taɓa tsohuwar azara sai rufin ya sami wata ƙafar tsayawa. Ya kawo gwafanninsa na aiki, ya jera su layi biyu, dama da hagu da ginshiƙi, kowanne gindinsa a kan faffaɗan dutse don kada ya nutse cikin daɓe, samansu kuma an gicciya itace ya tallabe ƙananan azarori. Yana buga tsinken itace a ƙarƙashin kowanne a hankali har ya ji ya ɗau nauyi. In ya buga sai ya tsaya. In ya tsaya sai in ji kamar in karɓe gudumar.

Da ya ga na dame shi sai ya ba ni aiki: in kankare tsatsar ƙarfen, in shafe shi da kwalta. Na yi. Rigata ta tafi ke nan, Saude ta ce ko sabulun Kano ba zai fitar ba.

Laraba, 23 ga Mayu

An huda bangon gabas daga waje, daidai inda ƙarfe zai shiga, an fafe mazauni a na yamma. Kowane gefe an ƙara wa bangon kauri da dutse daga ƙasa har sama, aka ɗora babban falalen dutse, aka kama shi da siminti. Baba Daudu ya ce in aka ɗora ƙarfe a kan tubali tsura, sai ya yanka shi kamar wuƙa a sabulu.

Na ce jibi sai a ɗaga. Ya ce sai siminti ya bushe. Na ce hadari ba zai jira mu ba. Ya ce, "Ruwa na Allah ne, siminti na Bature. Ba wanda nake iya ba umarni a cikinsu."

Asabar, 26 ga Mayu

Na fita zagayen gandu. Na je har iyaka ta yamma na dawo, in aka tambaye ni abin da na gani ban sani ba. Jikina na kan keke, raina na cikin soro yana lissafin gwafanni. An yi ruwa wajen Gwiwa, in ji wasu Fulani da na gamu da su. Iskar ma ta sake, tana da ƙanshi.

Talata, 29 ga Mayu

Na aika goro gida-gida, gobe gayyar ɗaga ƙarfe. Na sa an yanka ɗan akuya, Saude ta jiƙa gero.

Da yamma, tunda gobe za a sa, muka cire tsohuwar azara. Ba a ma sare ta ba, ɓarewa ta riƙa yi a hannu. Ginshiƙi kuma aka rushe shi daga sama, tubali-tubali. Yanzu soron Inna a kan sanduna yake tsaye. Na leƙa daga ƙofa, ɗakin ya yi faɗi, ya yi wani irin shiru.

A waje an tara ƙasa da tubali an yi gangare, daga ƙasa zuwa bakin hudar, inda za a jawo ƙarfen sama.

Laraba, 30 ga Mayu

Ba wanda ya zo.

Ƙarya na yi, liman ya zo ya yi addu'a, da wani tsoho da ba ya iya ɗaga buta. Na tsaya ƙofar gida tun da hantsi har inuwa ta dawo gindin katanga. Wannan an ce ya tafi kasuwar ƙauye, wancan ciwon baya. Wasu ta ƙofar gidan suka bi da fartanya a kafaɗa, "Sannu, Malamin Daji, ya aiki?" suka wuce.

Tuwo ya huce a akushi. Saude ta rarraba shi cikin maƙwabta, har da naman. Na ce mata mutanen da suka ƙi zuwa za ki ciyar? Ta ce, "To a zubar, Malam?"

Me na yi musu? Na ci na wani? Ko sisin kwabo ban taɓa karɓa ba, kuma sun sani, da yawansu sun gwada ni. In aka bar kowa da gatarinsa, nan da shekara goma inuwar da akuya za ta fake ba za a samu ba. Su ma sun san haka.

Na kasa cin abinci. Na shiga, na fita, na shiga.

Alhamis, 31 ga Mayu

Na matsa wa Baba Daudu mu gwada da waɗanda ke akwai: shi, da leburorinsa biyu, da ni, da mai amalanke da na biya. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya dubi gabas ya yarda. Shi ma tsoron ruwan yake.

Mun ɗaura igiya muka ja. Ƙarfen ya hau gangaren har rabi, yana noman ƙasa da bakinsa. Sai ƙarfinmu ya ƙare a wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Wani ya saki don ya gyara riƙo. Ƙarfen ya juya a gefensa, ya sulalo. Ban ga komai ba sai ƙura. Ya ɓantare kusurwar katanga, ya bi ta kan babban yatsan ƙafata, ya tsaya taki ɗaya daga ƙirjin wani lebura da ya faɗi.

Farcen ya fita. Ba shi ne abin ba. Baba Daudu ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Na kusa kai wa uwar yaron nan gawa saboda gaggawarka da wautata. Ba na sake taɓa shi sai da mutane, mutane sosai." Ya ce kuma jansa a ƙasa kuskure ne, sai an sami itatuwa masu santsi, mulmulallu, a jera ya gangara a kansu. Na ce ina zan samo? Ya ce, "Kai ne mai daji."

Saude ta wanke mini ƙafar da ruwan zafi da gishiri. Duk maganar a kunnenta aka yi, tana bayan zana. Ta ɗaure da tsumma, ta ɗaure da ƙarfi.

Juma'a, 1 ga Yuni

Ya zo. Muna fitowa daga masallaci gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ruga gida da ɗingishi. Muka toshe hudar bango da tabarmi da zana, iska ta fizge zanar ta kai ta gidan maƙwabta. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Gari duk murna, mata na guɗa, yara na tsalle a cikin ruwa. Ni da Baba Daudu muna tsugune bakin ƙofar soro muna kallon ciki. Ruwa ya shigo ta hudar, ya bi bango, ya kwanta a daɓe. Ina gani dutsen da ke ƙarƙashin gwafa ɗaya ya fara karkata. Rufin ya yi ƙara, irin ta tsohon gado. Na yunƙura zan shiga, ya damƙe mini riga. "In zai faɗi ya faɗi shi kaɗai."

Haka muka zauna har ya ɗauke. Bai faɗi ba. Da ya tsagaita muka shiga a kan yatsu, muka ƙara gwafa biyu, muka sake wa waccan mazauni. Rufin ya sha ruwa, nauyinsa ya ninka. Akwai sabuwar tsaga a sama, yatsana na shiga.

Baba Daudu ya ce in aka sake irin wannan kafin ƙarfe ya hau, sai dai mu yi wa soro ta'aziyya.

Asabar, 2 ga Yuni

Da sassafe na je gaida Inna a ɗakin ciyawa, tana shanya zannuwanta, ɗakin ya yi yoyo. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta ce, "Auta, goro ka aika ko kai ka je?" Na ce goro. Ta ce, "Goro ba shi da fuska."

Na ce yanzu ai an yi ruwan shuka, kowa na gona, wa zai bar shuka ya zo? Ta ce in je dai. Ta ce in fara da Halliru, in ya taso samarin unguwa za su biyo shi.

Na same shi a gonarsa da sungumi, yana sara, iyalinsa na bin sa da iri. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, bai kuma tsaya ba. Dole na bi shi a gefe, yana sara ina ɗingishi, har ƙarshen kunya muka juyo.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce soron Inna ne.

Ya ce, "Goronka ya iso. Da daɗi."

Muka sake rabin kunya. Sai ya ce, "Bara war haka ina ɗaure. Gonar nan sai da kowa ya yi noman farko aka shuka ta."

Na ce na sani.

"To in na zo na ɗaga maka ƙarfe, gobe ka same ni a gandu da gatari fa?"

Na ji amsar da yake so, tana bakina, mai sauƙi. Na ce, zan sake kai ka.

Nan ne ya tsaya. Ya dube ni tun daga hula har tsumman ƙafa. Ya ce, "Wallahi, Falalu, kai ba ka da wayo." Ya ɗaga sungumi. "Matsa, kana taka mini rami."

Na bi sauran gonaki duk da haka, har azahar. Kowa "in Allah ya yarda". Na san irin wannan in Allah ya yarda.

Lahadi, 3 ga Yuni

Hadari ya haɗu ya watse. Saude ta nemi izini za ta gaida masu jego, Inna ma ta ɗauki sanda ta fita. Soro na shirin faɗuwa, su yawon barka ne a gabansu. Na ce ta je.

Litinin, 4 ga Yuni

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kafin gajiya ta kayar da ni.

Na dawo daga sallar asuba na ji unguwa wani iri, na kasa gane dalili. Sai daga baya na lura: ba a daka. Ko gida ɗaya. Ina tsaye sai ga 'yan mata suna shigowa, kowace da taɓarya a ka, "An ce a kawo wa Saude." Suka jingine su a katanga, na ƙirya, masu santsi, sun sha hannu. Baba Daudu ya ɗauki ɗaya ya mulmula ta a ƙasa da ƙafa, ya yi dariya har da tari.

Rana na ɗagowa sai ga Halliru da igiyar rijiya a kafaɗa, mutane na biye da shi. Sun cika ƙofar gida. Wasu na taɓa ci musu tara, wasu na ƙwace musu gatari. Sun bar shuka. Na rasa ta inda zan fara gaisuwa, su ma ba su jira ta ba.

Baba Daudu ya hau kan gangare ya ce abu uku zai faɗa. Ba mai shiga ƙarƙashin ƙarfe ko da hularsa ce ta faɗi. Ba mai sa yatsa tsakanin ƙarfe da taɓarya. Kuma murya ɗaya za a ji yau, tasa. Da ya faɗi na ukun ni ya kalla. Aka yi dariya, na haɗiye.

An dandaɓe gangaren, an shimfiɗa katako, aka jera taɓare. Igiya biyu a gaba, ta cikin hudar, masu ja suna ɗaki sun raɓe jikin bango. Biyu a gefe don kada ya juya irin na ran Alhamis. Mutum biyu a baya da duwatsu, duk inda ya tsaya su dasa masa don kada ya komo. A cikin ɗaki an gina turaku biyu na tubali, da taɓarya a kan kowanne, inda zai huta in ya shigo.

"Bismillah. Ja!" Ya tafi kamu ɗaya. "Tsaya!" A dasa dutse, a ɗauko taɓaryar baya a kai gaba. "Ja!" Haka, haka. Abin da ya kusa kashe mu ran nan yau yana tafiya kamar jariri mai rarrafe. Ni an ba ni igiyar gefe, bayan Halliru. Ina ganin zufa na bin ƙeyarsa.

Da bakinsa ya shiga hudar ya wuce turken farko, sai gefensa ya shafi gwafa ɗaya. Ƙasa ta zubo daga sama. Na ciki suka yi ihu, wasu suka nufi ƙofa, na ji igiya ta yi sako-sako. Bakina ya buɗe zan ba da umarni, ban ma san wanne ba. Halliru ya take mini ƙafa, mai ciwon. Da gangan ko ba da gangan ba, har yanzu ban sani ba. Na yi shiru dai, don azaba.

Baba Daudu ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake. Riƙe." Ya shiga tsakanin gwafanni shi kaɗai, ya dubi gwafar, ya buga mata tsinke, ya kasa kunne. Muna riƙe, ba mai tari. Ya ce masu igiyar hagu su ja kaɗan. Ƙarfe ya kauce da faɗin yatsa biyu. "To. Ja."

Kafin azahar ya hau falalen yamma. Aka ɗaga shi da sanduna aka zare taɓare, ya zauna, ya yi wata ƙara mai nauyi da na ji har cikin haƙorana. Baba Daudu ya ɗora kwanon ruwa a kansa, ya duba, ya cusa siririn dutse a gefen gabas, ya sake dubawa. Ruwa ya kwanta daidai da bakin kwano. Ya ce alhamdu lillahi, sai ya fita bayan gida ya daɗe.

An ci tuwo. Na je wurin Halliru yana wanke hannu, na fara godiya. Ya ce, "Ajiye ta, ka kai cikin gida. Watan da na yi a ɗaure, kullum akushi na fita daga gidan nan zuwa nawa. Matata ta haihu ina can, Inna ce ta yanke cibi, Saude ta dafa ruwan wanka. Ba ni kaɗai ba, tambayi Sama'ilu da ka ƙwace wa gatari wa ya biya wa 'yarsa magani." Ya yarfe hannu. "Ba don kai muka bar shuka ba."

Taɓarya ɗaya ta tsage. Ta matar Halliru ce, wai.

Talata, 5 ga Yuni

Daga rumbuna! Ina kai mutum kotu da safe, da rana hatsina na tafiya gidansa. In maganar ta kai Kazaure me za a ce? Na kwana da abin, na tashi da shi.

Na tare Saude tana tankaɗe. Na ce me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Da ka hana." Na ce ƙwarai da na hana. Ta ce, "Shi ya sa." Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ƙara, "Kai ka yi aikinka, Malam, ban taɓa ce maka ka bari ba. Ni ma nawa na yi."

Na ci gaba da tsayuwa a kanta. Ta ce in matsa, ina tare mata haske.

Laraba, 6 ga Yuni

An cike tsakanin ƙarfe da ƙananan azarori da tsinken itace da duwatsu, kowace sai da ta zauna a kansa daram. An toshe huda, an liƙe tsagar rufi, an gyara indararo. Gwafanni na nan, sai ginin ya kama.

Na sayi sabuwar taɓarya a kasuwa. Na daɗe ina jujjuya ta kafin in tambayi mai ita inda ya samo itacen. Ya ce busasshe ne ya faɗi da kansa. Duk haka suke cewa. Na biya.

Litinin, 11 ga Yuni

An cire tokara. Ɗaya-ɗaya, daga tsakiya, a sassauta tsinke a jira, a saurara, sannan a zare. Wannan karon ban ce a yi sauri ba, ni ne ma na ce a dakata da na ji wani motsi, ashe ƙadangare ne. Da aka zare ta ƙarshe ba abin da ya faru. Muka tsaya muna kallon sama kamar masu neman wata.

Baba Daudu ya ce yanzu ya zama sau biyu ya gani.

Alhamis, 14 ga Yuni

Ruwa tun hantsi, mai ƙarfi. Ko ɗigo. Inna ta koma jiya, ta sa an mai da gadonta daidai inda ginshiƙi yake da. Ta ce ɗakin ya yi mata yawa, ba ta da abin jingina. Ta ce kuma yana warin mota.

Na leƙa sau da yawa duk da haka.

Asabar, 23 ga Yuni

Na fito da keke zan zagaya gandu sai na ji gangar noma. Gayya ce a gonar Halliru, noman farko. Ba a aiko mini da goro ba. Hanyata ce ta bi ta wajen, ko kusa da wajen. Na tsaya in duba wata ƙirya da ke bakin gonar, lafiyarta ƙalau. Sai wani ya miƙo mini garma, ya ce riƙe mini in sha ruwa, bai dawo ba.

Na tuɓe rigar kaki na rataye a keke. Rabona da garma tun kafin in tafi makaranta. Aka bar ni a baya nesa, kunyata a karkace kamar tafiyar maciji. Makaɗin yana yi wa kowa kirarinsa, da ya zo kaina ya rasa, don ba ni da shi. Can sai ya buga: "Dodon gatari, mijin Saude! Ga ƙarfe a soro, ga ƙarfe a ka!" Gona duk ta ɗauka. Har Halliru sai da ya dafa garma.

Ban ji haushi sosai ba. Wani ya ce ya ga haƙorana, ƙarya yake.

Da aka kawo fura, ludayi ya zagayo, daga hannun Halliru ya zo nawa. Bai dube ni ba, ya ce, "Gobe ma ina nan da gatarina." Na ce ni ma ina nan. Na sha na miƙa gaba.

Tafin hannuna duk ya kumbura, da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan. Gandu ban je ba, sai gobe in yi zagaye biyu.

Ran Alhamis gayyar Sama'ilu ce. Ban ce zan je ba, ina da aiki. Na dai ciro tsohuwar garmar mahaifina daga bayan rumbu na kai wa maƙeri ya duba, don kada tsatsa ta cinye ta a banza.